Tambayar da Ɗanki Ya Yi Miki, Akwai Littafin da Zai Amsa Ta

Daminar bara ina gida a 'Yargoje, hadari ya haɗo da la'asar, muka kwashe shanya muka shige ɗaki. Walƙiya ta haska, sai can tsawa ta biyo baya. Ɗan yayata, mai shekara tara, ya juyo ya ce, "Inna, me ya sa hasken yake riga ƙarar zuwa?" Ta ce, "Kai dai yi salati ka rufe mana baki." Ya yi salatin, ya ja bakinsa ya tsuke.

Ban ga laifin yayata ba, haka aka yi mana mu ma. Amma tambayar tana da amsa, kuma gajeriya ce. Haske yana cin kilomita kusan dubu 300 a daƙiƙa ɗaya, ƙara kuwa kamar mita 340 kacal take yi. Saboda haka idan kika ga walƙiya kika fara ƙirga, duk daƙiƙa uku kafin ki ji tsawa, nisan kilomita ɗaya ke nan. In ƙirgen yana raguwa, hadarin yana matsowa, lokacin barin gona ya yi. Kuma gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili shi ne wuri mafi hatsari da za a fake.

Ni abin da ya hana tambayoyina mutuwa tun ina yarinya, wani tsohon littafi ne da na tsinta a adakar mahaifinmu, bangonsa duk ya yage. Sunansa Ikon Allah. Alhaji Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, wanda ya taɓa koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, shi da Dokta Rupert East suka rubuta shi, aka buga a Zariya a 1949. Bayanin halittu ne da yadda duniya take, cikin Hausar da kakata ma take ganewa in na karanta mata. Sunan kansa ya raba gardama. Wanda zai ce miki binciken halitta shisshigi ne, sai ki nuna masa bangon littafin. A 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi yawo da shi sararin samaniya.

Daga nan fa sai abin ya ja baya. Littattafan soyayya sun cika kasuwa, ni ma ina karantawa, ba zan ɓoye ba. Amma yau yaranmu sun tashi da waya a hannu da faifan sola a kan rufi, littafin Hausa da zai gaya musu yadda hasken rana ke zama wuta a batir kuwa sai an tona. Masu ƙoƙari irin Baban Sadiq, da ya daɗe yana bayanin intanet da kwamfuta a jaridar Aminiya, ba su da yawa.

A wurin aikina nake ganin kuɗin da rashin wannan sani yake ci. Wani sanyin hunturu an kawo mana uwa da 'ya'yanta biyu da asuba, ciwon kai, amai, ƙaramar ba ta ma san inda take ba. Dangi suna ta cewa iska ce ta shafe su. Iska ce kam, amma ba wadda suke nufi ba. Kaskon gawayi suka kwana da shi, ƙofa a rufe, taga an toshe da tsumma. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. Hayaƙin janareta ma haka. Allah Ya sa sun tashi. Shafi ɗaya na littafi da ya isa ya hana wannan.

Mu 'yan wannan yanki muna da wani dalilin kuma. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma tun daga nan uwa a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa sai ta yi ta juyi kafin ta yarda ɗanta ya tafi makarantar kwana. Yaron da ke zaune a gida, ƙwaƙwalwarsa ba ta zauna ba. A ƙasar Malawi, William Kamkwamba yana ɗan shekara 14 yunwa da rashin kuɗin makaranta suka zaunar da shi. Ya ari wani littafi mai suna Using Energy a ɗakin karatu na ƙauye, Turancinsa ma bai nuna ba, zane-zanen ya riƙa bi. Da tarkacen keke da na bola ya haɗa injin da iska ke juyawa, ya kunna ƙwan lantarki a gidansu.

Don haka uwargida, in mai gida ko wani ɗan'uwa zai shiga Katsina ko Funtuwa ko Zariya, a tambaya a shagunan littattafai. In ba a samu na Hausa ba, ko na Turanci mai hotuna da yawa a ɗauko, yayyensa 'yan sakandare su fassara masa. Bayan sallar isha'i shafi ɗaya ya isa. In ya tambaye ki abin da ya fi ƙarfinki, ki ce masa, "Bari mu duba tare." Matacciyar tocila ko tsohuwar rediyo, ki bar masa ya kwance abinsa. Banda batirin waya, musamman wanda ya kumbura, banda duk abin da ke jone da wuta.

Ɗan yayata kuwa, a ranar na koya masa ƙirgen. Da aka sake walƙiya ya fara, ɗaya, biyu, har shida, sannan tsawa ta faɗi. Ya ce, "Inna, kilomita biyu!" Ta harare ni, sannan ta ce ya sake ƙirgawa ta ji.