Wa Za A Tambaya In Lambu Ya Lalace?

'Yan'uwana ɗalibai, ga wani misali daga Amurka. A birnin New York akwai lambun shan iska mai eka 843, ana ce da shi Central Park. Da baitulmalin birnin ya yi ƙasa wajen 1975, sai lambun ya ƙara lalacewa. A 1980 waɗansu mutanen gari suka kafa ƙungiya, suka gyara shi da gudummawar masu hali. A 1998 hukuma ta danƙa musu kula da shi bisa yarjejeniya.

Aiki ya yi kyau. To, amma unguwar talakawa fa, ina za ta sami irin waɗannan maƙwabta? Kuma kansila ana iya kā da shi ran zaɓe, mai kyauta kuwa sai godiya. A ganina, a karɓi taimako, amma wanda ya karɓi haraji shi za a tambaya.