Windows 11 a tsohon laftop: zai hau, amma da sharaɗi

Tambayar da ta fi yawa a makon nan daga ɗalibai a Gumel da masu shagunan buga takardu a Maigatari take: tsohon laftop ɗina zai ɗauki Windows 11?

Abin da ya jawo ta shi ne, tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye hannu daga Windows 10. Shi kuwa Windows 11 yana neman TPM 2.0, wato ɗan guntun tsaro da ke cikin na'urar, da firosesa Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Da yawa daga HP da Dell na gwanjo da ake kawo mana daga Kano ba su kai nan ba.

To, akwai hanya. Manhajar Rufus, kyauta ce, tana cire sharaɗin TPM lokacin da kake loda Windows a filash. Amma fa ka kwashe takardunka tukuna, domin sabon lodi na share komai. In kuma Core 2 Duo ne naka, kada ma ka wahala, sigar 24H2 ba za ta tashi a kansa ba.

Ga inda nake jan hankali: Microsoft ta faɗa ƙarara, ba ta yi wa irin wannan na'ura alkawarin sabuntawa ba. Ɗalibi mai rubuta furojet, bismillah. Amma mai shagon da ke ajiye lambobin NIN da takardun mutane, ni ban ba shi shawara ba. Ya gwada Linux Mint, sai dai ya sani babu CorelDRAW a can.