Yaƙi Ɗaya, Ɗanɗano Uku

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tun ran 24 ga Fabrairu 2022 da sojan Rasha suka kutsa cikin Yukren, yaƙin nan bai zo wa kowa da fuska ɗaya ba.

Ga mutumin Yukren, yaƙi har ɗakin kwanansa ya iske shi. Da jiniya ta yi kuka sai a kwashi yara a gangara tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. A Kharkiv ma cikin irin waɗannan tashoshi aka buɗe azuzuwan makaranta a 2023. Daga Oktoba 2022 Rasha ta shiga ragargazar tashoshin lantarki, mutane suka ci hunturu cikin duhu da sanyi. Fiye da mutum miliyan 6 suka yi gudun hijira ƙasashen waje, galibinsu mata da yara, domin a farkon yaƙin an hana maza masu shekara 18 zuwa 60 fita.

A Mosko kuwa kasuwa ba ta fasa ci ba. Sa'ad da McDonald's ya tattara nasa ya nasa a 2022, sai aka sāke wa kantunansa suna aka ci gaba da ciniki. Abin da ya ƙuntata shi ne baki. Hukuma ta ce ba yaƙi ba ne, aikin soja ne na musamman, aka kuma kafa dokar ɗaurin da ya kai shekara 15 a kan yaɗa abin da ta kira ƙarya game da soja. Sai a Satumba 2022, da aka kira mutum 300,000 aikin soja, sa'an nan magidanta da yawa suka farga, samari suka yi ta tururuwa zuwa Jojiya da Kazakistan. Amma mazauna Belgorod da Kursk na bakin iyaka sun sha ruwan wuta kamar maƙwabtansu.

Na nesa shi kuma a aljihunsa ya ji. Ƙasashen biyu manyan masu sayar da alkama ne, Rasha kuma babbar mai fitar da takin zamani ce, saboda haka burodi da taki suka yi tsada har Afirka. Yarjejeniyar fitar da hatsi ta Bahar Aswad, wadda Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla a Yuli 2022, shekara ɗaya tak ta yi. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Yukren kuwa, waɗansu sai da suka taka da ƙafa zuwa iyakar Poland kafin a kwaso su gida a Maris 2022, karatu ya katse.

Wannan bambanci shi ke ƙara wahalar da sulhu, domin wanda rufinsa bai zuba ba ba ya gaggawar neman a daina.