In Motar Rangadi Ta Fara Kuka Daga Baya

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da rangadin ƙauyuka ya san Land Rover, motar nan da aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1948. An daina ƙera mai siffar dā cikin 2016, amma tsofaffinta suna nan suna ratsa yashi da fadama. Maganata yau a kan kukan da ta kan yi daga baya ne, wanda in ka tambayi direba sai ya ce, "Ba kome, Malam, haka ta ke."

Wata damina muka tashi zuwa makarantu uku da ke ƙetaren wani rafi, da takardun jarrabawa a cikin akwati. Tun kwana goma kafin nan motar ta ke wani siririn kuka. An kai ta gareji, makaniki ya sake boris na ƙafar baya, aka biya, kuka bai daina ba. Mun wuce makaranta ta farko da mil shida sai kukan ya koma gurnani kamar ana niƙa, dole muka tsaya. Da direba ya kwance notin da ke ƙarƙashin bakaksul, abin da ya zubo ba ka ce mai ba ne, sai ka ce koko, ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki.

A tsakiyar bakaksul akwai wani ƙulli kamar tukunya, shi ne difaranshal. Farfela tana kawo ƙarfin inji, ta juya wata ƙaramar giya mai haƙora 10, ita kuma ta juya babbar giya mai haƙora 47, watau sai farfela ta juya sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya. A cikin babbar akwai waɗansu 'yan giyoyi, aikinsu su bar tayar waje ta fi ta ciki sauri sa'ad da a ke shan kwana, gama ita ce mai doguwar tafiya. Duk ƙarafan nan cikin man giya mai kauri su ke wanka, mai lamba 90, wanda bai cika lita 2 ba.

To, ina ruwa ya bi ya shiga? A saman bakaksul akwai ɗan hanci wanda ta ke numfashi da shi. In ta yi zafi da tafiya aka tsunduma ta cikin rafi, iskar ciki ta kan tsuke, ta zuƙo ruwa. In kuwa laka ta toshe hancin, zafi ya kan turo mai waje ta wajen robobin da ke tare shi, har ya jiƙa birki. Ko wanne ya faru, haƙora da boris sun rasa abin da ke kiyaye su.

Kuskurenmu shi ne mun ce wa makaniki "tana kuka" kawai, ba mu gaya masa yaushe ta ke yi ba. Ba sai mutum ya iya riƙe sufana zai gane wannan ba. Malamin makaranta ko akawu da ke zaune kusa da direba ya isa, in dai ya kasa kunne. Kukan da ya sake murya daga kwalta zuwa turɓaya na taya ne, a ƙyale bakaksul. Gurnanin da ke ƙaruwa in an karkata hagu, ya ragu in an karkata dama, ko akasin haka, galibi boris na ƙafa ne. Amma siririn kukan da ke bin totur, wannan daga cikin tukunya ya ke. In ya fito sa'ad da aka taka, a zargi haƙoran giyoyin nan biyu. In kuwa sai an ɗaga ƙafa mota na gangarawa, an fi samun boris na ƙaramar giya ne ya saki. Namu irin na ƙarshen nan ne, kuma na ji shi sarai, ban dai san ma'anarsa ba. Ƙwas guda ɗaya a lokacin tashi kuwa, a fara duba mahaɗan farfela, don sun fi araha nesa.

Gyara ya kan fara da mai. A kwance notin cikawa a sa yatsa, ya kamata man ya kai bakin ramin. In ya yi fari a zubar, a sa sabo, a wanke hancin. Sa'an nan a kama bakin farfela inda ta haɗu da tukunya a girgiza. In ya motsa sama da ƙasa, boris ya tafi. Amma fa kada kowa ya shiga ƙarƙashi mota tana bisa jak kaɗai, kuma a tokare tayoyi da duwatsu, domin birkin hannu na Land Rover farfela ya ke kamawa, in an ɗaga taya ɗaya ta baya mota tana iya gangarawa.

In giyoyin sun ci, tare a ke sake su, don tare aka wasa su tun daga masana'anta. Kuma sabon mai ba ya mayar da haƙorin da ya riga ya ci. Ɗaura su aikin gwani ne: ratar da a ke bari tsakanin haƙoransu ba ta wuce kaurin takarda biyu ko uku ba, a kan kuma shafa musu shuɗin fenti a juya, a ga ko tsakiyar haƙori su ke haɗuwa. Ni dai makanikin da ya ce da ido zai daidaita wannan ba na ba shi motar hukuma.

Ran nan direbanmu ya cece mu da wata dabara. Ya kwance farfelar baya, ya zare sandunan aksul biyu ya mai da murafensu, ya danna sandar nan mai kai ruwan ɗorawa, motar ta ja da ƙafafun gaba kaɗai. Muka lallaɓa muka koma gari bayan isha'i. Takardun makarantu biyun da suka rage, a bayan keke aka kai su wanshekare.