Baƙuwa ta shigo gurup: wa zai shimfiɗa mata tabarma?

Labarin da za mu fara da shi a cikin ƙungiyarmu ta asusu ya faru, nan Zinder, kuma ba abin yabo ba ne gare mu.

Mun gama rabo ke nan za mu buɗe sabon zagaye, sai wata daga cikinmu ta kawo maƙwabciyarta, amarya ce da aka auro daga wajen Daura. Muka karɓe ta, aka rubuta sunanta, da dare sakatariya ta saka lambarta a gurup ɗinmu na WhatsApp. Da ranar zubi ta matso, sai ga vokal ɗinta: "Don Allah iyayena, zubin nawa ne? An ce mini dala ɗari, na ba da ɗari, an ce bai cika ba."

Mu da muka tashi da sefa mun san dala ɗari ita ce 500. Ita da naira ta saba, ta ɗauka 100 ake nufi. Amsar ba ta wuce kalma biyar ba, amma ba wadda ta ba ta. Sai hotunan dariya suka yi ta zubowa. Wata ma ta ce, "Amarya, ke daga wace duniya?" Kafin azahar tallar atamfa da gaisuwar Juma'a sun binne tambayar. Bayan mako biyu muka ga ta fita daga gurup, taro ma ta daina zuwa.

Shugabarmu ta bi ta har gida. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ai na ga kamar ɗakin ya cika, babu wurin zama." Ta dawo taro, tana zubinta ba fashi, amma har yau ba ta sake buɗe baki a gurup ba. Wannan shirun mu muka jawo shi.

A kan tabarma da hakan ba ta faru ba

Tsarin Mata Masu Dubara a ƙasarmu aka haife shi, a jihar Maraɗi, a shekarar 1991, da tallafin ƙungiyar CARE. Daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka har da wajenta. Abin da ya riƙe shi sananne ne: mata sun san juna, suna zama tare kowane mako, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, akwati na da makullai uku a hannun mata uku. Tun farko ma da yawa daga cikin iyayenmu ba su iya rubutu ba, da ka suke riƙe lissafi, kowace shaidar ƴar'uwarta ce.

A irin wannan zama, in baƙuwa ta yi sallama kowa na ganinta. Wata za ta matsa mata, wata ta miƙo ruwa, wata ta raɗa mata a kunne, "Waccan ita ce ma'aji, waɗancan biyun su ke ƙirga." In ta yi kuskure, kallon fuskarta kaɗai ya isa ya hana ki dariya.

Waya ta sauƙaƙa mana abubuwa, ba mu musu. Ƴar ƙungiya da ta tafi Agadas ko Yamai tana jin abin da ake ciki. Sanarwar suna ko rasuwa tana isa Birni da Garin Malam da Sabon Gari a minti ɗaya. Sai dai a gurup ba a ganin fuska. Wadda aka saka yau takan tarar da zance a tsakiya, ba ta san abin da aka yanke jiya ba, abin da take gani jerin lambobi ne da ba ta san masu su ba. Mu kuma duk muna ganin lambarta, kowace na jiran wata ta fara gaishe ta.

Darasin Zango

Karɓar baƙo ba sabon abu ba ne a Damagaram. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, ayarin raƙuma na shigowa daga Abzin da gishirin Bilma, fatake na zuwa daga Kano da Barno, wasu har daga Tarabulus. A Zango suke sauka, sunan unguwar ma daga nan ya samo asali. Kuma baƙo ba ya sauka a sarari. Yana da mai masauƙi, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya faɗa masa farashin gari, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Ƴan gari kuma sun san wanda za su tambaya in baƙon ya ci amana. Da ɗan gari akan ci gari.

Da muka zauna muka duba abin da ya faru da amaryarmu, sai muka gane abin da gurup ɗinmu ya rasa ke nan. Kowa ɗan gari ne, amma babu mai masauƙi.

Abin da muka tsara

Yanzu ba a saka kowa a gurup sai ta zo taro ido da ido, an karɓe ta a kan tabarma. Mun daina tura mahaɗin shiga gurup barkatai, kuma admin ta kunna tsarin da ba mai shiga sai da amincewarta.

Kowace sabuwa muna ba ta uwar masauƙi. Yawanci wadda ta kawo ta ce, in kuma ita ma ba ta daɗe ba, sai a zaɓi wata tsohuwar ƴar ƙungiya da ke kusa da gidanta. Uwar masauƙi ce ke fara magana da zarar an saka ta: "Ƴan'uwa, ga ƙanwarmu, a unguwa kaza take, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa." Sai shugaba ta yi mata maraba da bakinta. Sauran mu kuma gaisuwa ɗaya ta isa, ba sai kowace ta aiko da hotuna goma ba.

A ranar nan uwar masauƙi ke tura mata vokal ta gefe, wanda bai wuce minti biyu ba. A ciki akwai ranar taro da wurinsa, kuɗin zubi, abin da ake sawa a asusun taimako, tarar latti da ta fashi, sharaɗin ɗaukar bashi da lokacin biya, watan da ake rabo, da sunayen ƴan kwamiti. Kuɗi kuma ana faɗarsa hanya biyu: "dala ɗari, wato 500," "jika biyu, wato 2000." Muna da ƴan'uwa daga Magarya da Matamai da suka saba da kuɗin ƙasashen biyu, muna da waɗanda ba su saba ba. Murya muke amfani da ita domin ba dukanmu muka yi lakkol ba, kuma wadda ba ta karatu ba za ta fito fili ta ce ba ta gane ba.

Mun kuma yi wa kanmu doka: tambayar sabuwa ba ta kwana. Ko an amsa irinta sau goma, a sake amsawa. Wadda ta yi dariyar tambaya tana biyan tara daidai da ta latti. Da aka kawo wannan shawara wasu sun ce an cika tsanani. Hajiyarmu mai riƙe da makulli ɗaya ta ce, "To ku da kuke dariyar, ranar da kuka fara zuwa wa ya san bambancin zubi da asusun taimako?" Aka yi shiru, doka ta zauna.

Wayar wa ce?

Wannan ita ce tambayar da muka fi mantawa. Mata da yawa lambar da suke bayarwa ta maigida ce, ko ta ɗansu, ko waya ɗaya ce gidan duka ke amfani da ita. Duk abin da aka faɗa a gurup, ba ita kaɗai ke ji ba. Mun san gidan da aka kwana ana faɗa saboda an ambaci bashin mace a gurup, mijinta ya ji a wayarsa, alhali jarin awara ta ɗauka kuma tana biya. Shi ya sa uwar masauƙi ke tambaya tun ranar farko, kuma muka hana kiran sunan mai bashi ko mai latti a waya. Maganar kuɗin mutum a gaban akwati ake yin ta.

Sai batun forfe. Ke mai mega da yawa, bidiyo uku da kika turo da safe na iya cinye abin da ƴar'uwarki ta saya da dala ashirin ko arba'in don ta ji sanarwa. Mun ware ranar Alhamis don tallar sana'o'inmu. Sauran kwanaki na sanarwa ne da gaisuwar suna, biki ko ta'aziyya.

Ɓarayi sun fi son baƙuwa

Wadda ba ta san muryar ma'aji ba ita ce ta fi sauƙin yaudara. Wani zai kira ta ya ce daga ƙungiya ne, an canja tsari, ta tura zubi ta wannan lamba. Wani zai ce an zaɓe ta cikin masu samun tallafi, ta karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarta. Waɗannan lambobi shida su ne makullin WhatsApp ɗinta. In ta bayar, zai ƙwace shi, ya shiga gurup da sunanta da hotonta, ya fara roƙon ƴan'uwa rance.

Don haka abu biyu muke sa kowace sabuwa ta maimaita da bakinta. Na farko, ba a faɗa wa kowa lambobin nan, ko da muryar shugaba aka zo. Na biyu, duk saƙon da ya ce a tura kuɗi, a kira uwar masauƙi kafin a motsa. Wadda ke nesa za ta aiko da zubi, lambar da aka amince da ita a taro kaɗai ake turawa, kuma ma'aji ta faɗa a gaban kowa cewa ya iso. In akwai mai ɗan sani a cikinku, ta taya sabuwar kunna kariya ta biyu da ke cikin WhatsApp, wadda mutum ke zaɓar lambar sirri da kansa.

Wadda ba ta da waya

Kada mu manta, a ƙungiyoyinmu na Mirya da Tanut da ƙauyukan kewaye, akwai mata da yawa masu ƙaramar waya, akwai waɗanda ba su da ita sam, akwai inda rezo sai an hau tudu. Su ma ƴan ƙungiya ne cikakku. Mun yanke cewa ba a zartar da hukunci a gurup. Ana iya tattaunawa, amma ƙarin zubi, ba da bashi, karɓar sabuwa ko sallamar wata, duka sai a taro. Kowace mai waya kuma tana da maƙwabciya ɗaya da take kai wa labari da ƙafa.

Ƴan'uwa, a taronku na wannan mako, kafin a buɗe akwati, ku duba sunayen waɗanda suka shigo a zagayen nan. Wace ce ba a taɓa jin muryarta ba? Ku naɗa mata uwar masauƙi a ranar, kuma wata ta leƙa ta a gida. Ƙungiyar da ke da wata dabara da ta fi tamu, ta aiko mana ta hannun sakatariyarta, za mu sa a fitowa ta gaba. Allah ya sa albarka a asusunmu, ya bar zumunci.