Yadda ake koyon aikin lauya, da amfaninsa ga talaka

A ƙauyuka da yawa, in an ce lauya, sai mutane su zaci mai kare ɓarayi ne ko ɗan koren masu kuɗi. Ba haka ba ne. Yawancin rigingimun da ke kai mutane gaban shari'a na yau da kullum ne: aure da gado, aiki da albashi, gidan haya, saye da sayarwa. Don haka ake koya ma lauya waɗannan abubuwa tun yana ɗalibi.

Karatu mai tsawo

Yaron da zai zama lauya a Nijar yana yin shekara 6 a ƙaramar lakkol, shekara 4 a kwaleji, shekara 3 a lise. In ya ci jarrabawar bak, sai ya shiga jami'a. Jami'ar Yamai, wadda aka kafa a 1971, kuma aka sa ma sunan Abdu Mumuni a 1992, tana koyar da ilimin doka. Jami'ar Tawa ma haka. Can zai ƙara shekara 5.

Bayan wannan akwai jarrabawar shiga aikin. Wanda ya ci, sai ya yi rantsuwa a gaban manyan alƙalai, ya sa baƙar riga. Amma har yanzu bai zama gwani ba. Sai ya yi shekara 3 ƙarƙashin wani tsohon lauya, kamar yadda yaron maƙeri ke zuga zugazugi kafin a ba shi masaba. Duka-duka shekara 21 ke nan, in bai maimaita aji ba.

Aure, saki da gado

A nan karatun littafi kaɗai bai isa ba. Tun dokar 1962, al'adar masu shari'a ce ake bi a sha'anin aure, saki da gado. Alƙali yana zama da mataimaka waɗanda suka san al'adar mutanen. Shi ya sa dole lauya ya san yadda Bahaushe, Bazabarme, Bafillace ko Buzu ke ɗaura aure da raba gado, ya kuma san abin da Musulunci ya ce.

A ce an saki mace da goyo, mijin ya ƙi ciyar da yaron. Ko a ce uba ya rasu, ƙannensa sun riƙe gonar marayu. Ana koya ma lauya ya fara sauraro da haƙuri, ya tambayi shaidu, ya nemi sulhu. Mai gari da sarki suna da ikon sasanta mutane. In an daidaita a gabansu, a rubuta a takarda, kowa ya sa hannu. In abin ya gagara, sai a tafi gidan shari'a.

Aiki da albashi

Matasa da yawa suna zuwa birni neman aiki. Wani ya yi wata 3 yana gadi, ranar biya a kore shi hannu sake. Dokar aiki ta 2012 ta tsara haƙƙin ma'aikaci da na mai ba da aiki. Ta ce aikin mako awa 40 ne. Mace ma'aikaciya kuma tana da hutun haihuwa na mako 14. Yawanci ana fara kai kuka wurin sufeton aiki, shi ya kira su biyun ya sasanta. In ba a shirya ba, akwai kotun ma'aikata. Ɗalibin lauya yana koyon lissafin albashin da aka riƙe da na hutun da ba a biya ba, dala bayan dala.

Gidan haya da kasuwa

A 1996 an yi doka kan hayar gidaje. Mai gida ba ya da ikon watsar da kayan ɗan haya waje da ƙarfi. Sai ya ba shi wa'adi, in an kasa jituwa alƙali ya yanke. Shi ma ɗan haya dole ya biya a kan lokaci, ya kula da gidan.

A 2015 kuma an yi dokar kare masu saye. Wanda aka sayar ma gurɓataccen taki, ko maganin da ya lalace, ko aka auna ma hatsi da tiya mai ƙwange, yana da ikon kai ƙara.

Wanda ba shi da kuɗi fa?

Lauyoyi ba su da yawa, kuma mafi yawansu a Yamai suke. Saboda haka a 2011 gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ, don a bayyana ma mutane doka kyauta, a kuma samar ma marasa ƙarfi mai kare su. An buɗe mata ofis a manyan gidajen shari'a na jihohi. Ƙungiyar mata masana doka ta Nijar, wato AFJN, ita ma ta koyar da mutane tushen doka don su ba ƴan uwansu shawara. Waɗannan ba lauyoyi ba ne, amma suna nuna ma mutum ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kada kunya ta hana kowa magana. Lauya ya yi rantsuwar riƙe asiri. Abin da aka gaya masa ba ya fita.

Takarda ce makamin lauya

Duk iya karatun lauya, tambayarsa ta farko ita ce: ina takarda? Takardar aure, takardar haihuwar yara, takardar gona, shaidar biyan haya, yarjejeniyar aiki. Magana tana tashi da iska, shaida yana mantuwa ko ya mutu, rubutu yana nan.

A nan ɗaliban karatun manya suke da riba babba. Wanda ya iya karatu ba ya dangwala yatsa kan abin da bai gane ba. Yana iya rubuta ranar da ya fara aiki da kuɗin da ya karɓa. Yana iya karanta ma maƙwabcinsa sammaci, ranar shari'a ba ta wuce shi ba. Kowa ya adana takardunsa inda ruwa da gara ba su kai. Rigakafi ya fi magani.