Kuɗin Koyar da Sana'a: Wa Ke Bayarwa, Wa Ke Sa Ido?

Yau hirarmu a kan shirye-shiryen gwamnati ne na koya wa matasa sana'a, domin sau da yawa ke uwa ce yaro zai fara zuwa wurinki ya ce an fitar da fom, yana neman kuɗin mota ko na hoto.

Abu na farko, uwargida, kuɗin nan ba daga aljihun wani ɗan siyasa suke fitowa ba. Dukiyar jama'a ce, ta haraji da kason da ake rabawa daga asusun tarayya. Gwamna kan rubuta abin da zai kashe cikin kasafin shekara, Majalisar Dokoki ta duba ta amince, kana a saki kuɗin. To amma rubutawa daban, saki daban. A nan ne galibi gizo ke yin saƙa: ga gini, ga malamai, amma ba kayan aiki, ba alawus.

Ba yau aka fara ba. A 1986 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NDE, mai haɗa yaro da gwanin sana'a ya koya a shagonsa. A 2001 aka zo da NAPEP, wadda keke mai ƙafa uku ya gaji sunanta. A 2016 kuma N-Power ta fara biyan waɗanda suka gama karatu mai zurfi naira 30,000 a wata. A nan Kano, tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin Kwankwaso ta buɗe cibiyoyi fiye da 20, har da na kiwon kifi da kiwon dabbobi a Bagauda, da ta gyaran tarbiyya a Kiru. Da yawansu sun daina aiki bayan canjin gwamnati, sai gwamnatin da ta hau a 2023 ta shiga sake buɗe su. Kun ga ke nan, shiri kan zo ya wuce, amma abin da hannun yaro ya iya yana nan tare da shi.

To wa ke sa ido? Akwai kwamitocin majalisa, akwai babban mai binciken kuɗi na jiha, akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, ga EFCC da ICPC a sama. Kuma abin yakan yi tasiri: a watan Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jinƙai tare da shirye-shiryen tallafi, har da N-Power, saboda zargin karkatar da kuɗi. Sai dai mai bincike takarda yake gani. Ke kuwa kin san ko ɗanki ya fita da safe, kin san ko ya dawo da hannu da baƙin mai ko kuwa majalisa ya zauna.

Saboda haka, ko kina cikin ɗaki, ga tambayoyi huɗu. Wace hukuma ce ke shirin, ta jiha ko ta tarayya? Wata nawa za a yi, kuma a ina? Akwai takardar shaida a ƙarshe? Za a ba da kayan aiki ko jari? Ki sa maigida ko yayansa ya tabbatar a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko wurin kansila da mai unguwa.

Wanda duk ya ce a ba shi kuɗi a boye zai sama wa yaro gurbi, kada ki sayar da akuyarki ko ki ɗebi kuɗin adashinki domin sa. Kada kuma yaro ya ba kowa lambar sirri ta katin bankinsa. In an ci alawus ɗinsu, su haɗu su rubuta ƙorafi, su riƙe kwafi.

Sannan ranar da aka ba shi keken ɗinki ko injin walda, 'yan saye suna nan bakin ƙofa da kuɗi a hannu. Ki ja masa kunne tun kafin ranar, ki ce kina son ganin kayan da idonki a tsakar gida. 'Ya'yanmu mata ma kada a bar su a baya, in maigida ya amince.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a abin da suka koya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.